Ni Ne a Bidiyon, Na Ce Isaka Ne

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Aboabo sun san ni, wanda bai san ni ba kuma bai yi asarar komai ba. Shekarata arba'in da ɗaya. Biyar daga ciki a gidan yari na yi su. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Wannan da kuke karantawa faɗa na yi, aka rubuta mini. Da ku samari nake, masu waya a hannu.

A Aboabo aka haife ni, wata unguwa a Kumasi. Mahaifina mai gadin shagon goro ne, ya rasu ina ƙarami. Ina shekara tara mahaifiyata ta bi shi. Yayata Hajara ce ta riƙe ni. Waache take sayarwa a bakin titi, shinkafa da wake, tun asuba har rana ta take. Ba ta taɓa barina da yunwa ba. Kada wani ya ce talauci ne ya sa na yi sata. Akwai wanda ya fi ni talauci a layinmu, yau liman ne.

Ina shekara sha huɗu na faɗo daga bayan motar doya, ƙashin kafaɗata ta dama ya karye. Hajara ta kai ni wurin maɗori. Wata biyu tana ba ni abinci a baki. Ƙashin ya haɗu, amma bai koma daidai ba. Tun daga nan a kafaɗar hagu nake ɗaukar kaya, kaina a karkace.

Da na yi ƙarfi na tafi Suame Magazine, inda ake gyaran motoci. Gari ne guda na ƙarfe da baƙin mai. Na fara da dako. Daga baya na zama ɗan kamasho: direba ya zo neman kaya, in kai shi shagon da yake akwai. Aikin ya koya mini kowane lungu. Na san wanda ke kulle shago da kyau, na san wanda ke barci bayan ya ci fufu.

Farkon abin da na ɗauka noti ne, guda huɗu, na sa a aljihu. Ba wanda ya lura. Bayan mako na ɗauki madubin mota. Akwai wani mutum a bayan Oforikrom da ke sayen irin wannan kaya, ba ya tambaya. Ranar farko ya dube ni ya ce, "Chale, abokina, hannunka yana da sauƙi. Gobe ka kawo abu mai nauyi." Na ji daɗin maganar. Wannan ne gaskiya.

Akwai layi guda a Magazine na Musulmi masu sayar da batir da kayan wuta. Ranar Juma'a ba sa rufe shago. Kwashe kayan da aka baje a waje aiki ne, don haka sai mutum ya gicciya benci a bakin ƙofa, ya ce wa maƙwabcinsa Batone, wato mutumin Asante, "Masta, ga shago nan," ya tafi masallaci. Bencin shi ne makulli. Haka suke yi tun zamanin iyayensu. Ranar Lahadi Musulmin ne ke duba wa Tonawan nasu. Ba wanda ke tsallake bencin nan. Ni na tsallake. Na gane cewa lokacin da liman ya hau huɗuba shi ne lokacin da mai abinci ke isowa ƙarshen layin, Tonawan su taru a can. Minti goma ya ishe ni. Ina gamawa in ajiye kayan a cikin wata matacciyar mota, in wanke hannu, in shiga cikin masu fitowa daga masallaci, ana gaisawa da ni.

Shekara shida ina haka. Ba kowace Juma'a ba. Ban taɓa shiga hannu ba.

Sai na sayi babbar waya. Aka sa ni a gurup ɗin unguwa, inda ake sanar da rasuwa da suna da ɓatan akuya. Har da 'yan Magazine a ciki, da mutanen kara, wato kasuwar shanu. Ban iya rubutu ba, saboda haka murya nake turawa. Ni kuma ba mai yawan magana ba ne. Mutane suna ganin wanda ba ya magana ba ya ƙarya. Wata rana aka kama wani da ya saci waya a tasha, aka sa masa duka. Ina wurin, na ɗauki bidiyo, na tura, na ɗora murya: "Ga shi nan. Ku gane fuskarsa." Kafin yamma waya ta cika da yabo. Wani dattijo ya tare ni a hanya ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, irinku muke so a unguwa."

Daga nan na zama mai kawo labarin ɓarayi. Ko'ina aka kama wani, ni ake tura wa bidiyon in ɗora murya. Na ga amfanin abin. Wanda ke nuna ɓarawo ba a duba aljihunsa.

Yanzu Isaka. Bazabarme ne daga arewa, can ƙetaren iyaka. Aikinsa rakiyar shanu a cikin babbar mota. Kwana uku ko huɗu yana tsaye a tsakiyarsu, in wata ta faɗi ya tayar da ita kada a tattake ta. In sun iso Kumasi a sauke, ya kwana biyu, ya bi motar da ba kaya ya koma. Dogo ne, siriri, yana tafiya a ɗan karkace saboda ƙahon da ya taɓa sokinsa a haƙarƙari. A wurin Hajara yake cin waache. Wayarsa ƙarama ce, ba ta tura murya. Sai ya roƙe ni in ara masa tawa ya aika wa matarsa saƙo ta wayar ƙanenta. Zai juya baya, ya rufe baki da hannu, ya yi magana da yarensu a hankali. In ya gama ya miƙo mini da hannu biyu ya ce, "Na gode, babban yaya." Ya girme ni, amma haka yake kirana.

Wata Alhamis ya ce mini gobe da safe motarsu za ta tashi, kuma ba zai dawo ba sai bayan damina, zai tsaya ya yi noma. Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Washegari Juma'a na tsallake bencin Alhaji Tanko, mai shago a layin nan, na ɗauki batirin babbar mota, sabo. Ina sanye da rigar aiki mai baƙin mai da hula, irin ta mutum dubu a Magazine. Abin da ban sani ba, Batonen da ke fuskantar shagon ya sa kyamara a makon nan. Da la'asar bidiyon ya shigo gurup. Ba ya da haske sosai, fuska ba ta fito ba. Mutum ne dogo, ya tsallake benci, ya fito da batir a kafaɗa, yana tafiya a karkace.

Na kalla sau goma. Gurup ya ɗauki zafi. Satar ba ita ta fi ba mutane haushi ba, bencin ne, da lokacin. Wani ya ce wannan ba Musulmi ba ne. Wani ya ce a binciki Tonawan. Wani ya ce tafiyar nan kamar ya san ta. Wannan maganar ce ta tsorata ni. Sai aka fara kiran sunana: ina wane, shi ya san kowa a Magazine, ya duba mana.

Na yi lissafi. Isaka ya tafi tun safe, yanzu ya wuce Tamale. Wata huɗu ba zai dawo ba. Kafin nan an manta. Baƙo ne, ba shi da kowa a nan da zai ji kunya. Na ce wa kaina ba wanda zai cutu. Na danna, na ce:

"Salamu alaikum. Na duba. Wannan Isaka ne, Bazabarmen nan mai rakiyar shanu. Tafiyarsa ce. Na sha ganinsa yana leƙen layin nan."

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Na tura.

Isaka bai tafi ba. Motarsu ta lalace tun kafin ta fita gari, aka jawo ta Magazine. Kwana ya yi a ƙarƙashinta yana jiran a gama gyara, layi uku daga shagon Alhaji Tanko.

Asabar da hantsi na ji ihu. Na san irin ihun nan. Na bi mutane. Na same shi a ƙasa, an yaga rigarsa. A Magazine in an kama ɓarawo ana zuba masa tsohon baƙin mai tun daga kai, don a gane shi ko ya gudu. Sun zuba. Yana cewa, "Wallahi ban sani ba, me na yi?" Wani ya kunna masa muryata a kunne. Ya ɗaga kai yana neman mai muryar. Man ya rufe masa ido, bai gan ni ba. Ina gabansa, taku biyar.

Kalma ɗaya ta ishe ni. In ce na yi kuskure. Ban ce ba. Wani ya dafa ni ya ce, "Ɗauki mana, kai ne mai ɗauka." Na ɗaga waya. Na ɗauka. A cikin bidiyon akwai lokacin da wani ya buga masa bel ɗin injin a fuska. Na ci gaba da ɗauka. Direban motarsu da wasu dattawa ne suka shiga tsakani suka ja shi. Na tura wannan ma, don in ban tura ba za a tambaye ni dalili.

Idonsa na hagu bai dawo ba.

Mai shanun da Isaka ke yi wa aiki ya kai ƙara. Direban ya rantse cewa lokacin Juma'a suna tare a sahu ɗaya. 'Yan sanda ba su sha wahala ba. Bidiyona ya nuna musu fuskar duk wanda ya ɗaga hannu. Suka kwashe mutum bakwai. Ni kuma na goge komai daga wayata, ina ganin na yi wayo. Ranar da suka zo, ɗan sandan bai ko karɓi wayar ba tukuna. Ya ciro tasa ya kunna. Muryata ce. Ya ce, "Ka san mai wannan?" Ta riga ta shiga wayoyin da ban san masu su ba.

Aka tsare ni kafin shari'a. Aka ba ni lauyar gwamnati, wata Batoniya mai gilashi, ba ta dariya. Da Tonanci, yarensu, muke magana. Na shirya maganata tun kafin ta zauna.

Na ce, "Madam, ni ban taɓa shi ba."

Ta ce, "Na gani. Ba a tuhume ka da duka ba. An tuhume ka da yaɗa ƙarya mai tayar da hankali, da kuma zuga waɗanda suka yi dukan. Wanda ya zuga, a doka kusa yake da wanda ya ɗaga hannu."

"Bidiyon ba ni na ɗauka ba. Na Batonen ne."

"Shi ya kai wa mai shago da 'yan sanda. Bai kira sunan kowa ba. Kai ka kira."

"Kowa ya tura. Gurup ɗin gaba ɗaya."

"Laifin wani ba ya rage naka. Kuma su sun tura, kai ka ce ka duba."

"Gargaɗi nake yi wa jama'a."

Ta cire gilashin. Ta ce, "Akwai wata mata a gurup ɗinku. Da ta ga bidiyon dukan, ta hau mota ta kai ofishin 'yan sanda. Bidiyo ɗaya ne da naka. Ita shaida ce, kai kana nan. Ka gane bambancin?"

Na ce na goge. Ta ce gogewar ma za su ce alama ce na san abin da na yi.

Sai ta ce ƙofa ɗaya ta rage. Ban ce a dake shi ba, a bidiyo na biyu kuma ban yi magana ba, za ta iya tsayawa a kan wannan. Amma maganar ƙarya, cewa ban san ƙarya ce ba, ba zai fitar da ni ba, sai in na nuna na bincika kafin na tura. Ta ce, "Wa ka tambaya? Wa ya ce maka ya gan shi? In akwai mutum, kawo shi. In ka yi imani da gaske cewa shi ne, kuma kana da dalili, ina da abin faɗa wa alƙali."

Na ce akwai.

Mutumin Oforikrom ya fi ni tsoron a tono maganar. Ya aiko mini cewa ya samo wanda zai rantse ya ga Isaka a layin ranar Juma'a, kuma shi ya gaya mini haka kafin in tura. Na ji sanyi. Na san abin da hakan ke nufi. Ni in fita, Isaka ya zauna da sunan ɓarawo har ya mutu. Na yi barci lafiya a daren. Ba zan ɓoye muku ba.

Kwana uku kafin zaman kotu, Hajara ta zo. Kullum da kwano take zuwa. Ranar ba kwano. Ta zauna.

Ta ce, "An nuna mini bidiyon."

"Na dukan?"

"Na farko."

Na ce fuska ba ta fito ba.

"Ban nemi fuska ba. Isaka haƙarƙari ne ke karkatar da shi, ƙugunsa yake ja. Wannan kafaɗa ce. Ni na riƙe ta maɗori yana ja, kana cizon zanena." Muryarta ba ta tashi ba. "Shekara nawa kana wannan?"

Ta ci gaba.

"Mutumin nan a bencina yake zama. In na ƙara masa wake sai ya yi mini addu'a har na ji kunya. Kai ɗan uwata ne, ba zan je wurin 'yan sanda ba. Amma ranar kotu ina nan. In ka ɗora hannu a Alƙur'ani ka ce shi ne, zan tashi tsaye in faɗa. Su kulle ni in sun ga dama."

Na ce, "Yaya, za ki kashe ni."

Ta ce, "Na raine ka. Ban san na raini wannan ba." Ta tashi.

Ina so in ce tsoron Allah ne ya kama ni. Ba shi ba ne, a lokacin. Na san Hajara. In ta ce za ta tashi, za ta tashi. Duk da haka na bar maganar har ranar, ina tunanin ko za ta karaya.

A kotu aka kira Isaka. An rufe masa idon da auduga. Aka tambaye shi ko ya san ni. Ya ce, "Na san shi. Mutumin kirki ne a wurina. Wayarsa nake aro." Aka tambaye shi me zai sa in kira sunansa. Ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila ya ga mai kama da ni." Sai ya ƙara abin da ba a tambaye shi ba. Ya ce bidiyon ya riga shi isa garinsu. Ƙanen matarsa ya gani. Surukinsa ya zo ya ɗauke ta da yaran.

Na waiga. Hajara tana layi na biyu, ta riga ta ajiye jakarta a ƙasa, hannunta a kan bencin gabanta.

Na jawo hannun rigar lauyar. Na ce mata a kunne, "Madam, ni ne a bidiyon farko." Ta dube ni. Ta rufe fayil. Ta nemi alƙali ya ba mu minti goma. A waje ta ce, "Yanzu da na sani, ba zan iya tsayawa in ce ka yi imani shi ne ba. Kuma ba zan kira shaidanka ba. Abin da ya rage ka amsa da bakinka, in roƙa maka sassauci." Na ce to.

Na amsa duka, har satar. Aka ba ni shekara biyar. Da aka fassara wa Isaka abin da na ce, sai ya zauna a ƙasa, a nan cikin kotu, sai da aka ɗaga shi.

Gidan yari ba zan yi dogon bayani ba. Zafi, ƙaiƙayi, kwana a gefe ɗaya saboda ba wurin juyawa. Huɗu daga cikin waɗanda suka yi dukan muna tare. Sun ce ni na sa su, kuma ni na nuna su. Duka biyun gaskiya ne. Haƙorana biyu a can suka zauna. Ɗayansu matashi ne mai koyon walda, mari ɗaya ya yi, bidiyona ya kama shi. Ya yi shekara biyu. Uwarsa har yau in ta gan ni sai ta tofa yawu.

A shekara ta biyu na fara salla ta gaske. Ba wani mafarki na yi ba. Kawai na gaji da kaina. Hajara ta dawo da kawo abinci bayan wata takwas. Ba ta sake ɗauko maganar ba.

Da na fito, na ɗauka an gama. A makon farko wani yaron mota a tasha ya nuna mini bidiyo yana dariya, bai san ni ba. Ya ce, "Kalli yadda ake yi wa ɓarawo a Magazine." Isaka ne. Shekara biyar, yana yawo, wani ya ɗora muryata ta ranar Juma'a a kai.

Na tambaya aka ce yana kara. Bai koma gida ba. Na same shi yana ɗebo wa shanu ruwa da jarka. Ya tsufa. Na yi sallama, ya juyo da gefen da yake gani.

Na ce, "Na zo neman gafara."

Ya ajiye jarkar. Ya ce, "Kotu ta ba ni takarda, ta ce ban yi ba. Tana aljihuna. Wa zan nuna wa? Dillalai sun ce sun sani, amma ba mai ba ni shanu. Sun ce mai kaya a arewa ya ga bidiyo, bai ga takarda ba."

Na ce zan yi sabuwar murya in tura.

"A'a. Waya kuma? A'a." Ya girgiza kai. "Da ƙafa za ka zo. Rumfa rumfa. Ka tsaya, ka faɗa da bakinka, ina tsaye."

Haka muka yi. Ranar kasuwa uku. Kowace rumfa in yi sallama, in ce, "Ni ne na saci batirin Alhaji Tanko. Ni na ɗora wa wannan bawan Allah. Bai taɓa ɗaukar komai ba." Wasu sun zage ni. Wani ya ce in ɓace kafin ya tashi. Wani ya yi dariya ya ce tsohon zance. Wani yaro ya ɗaga waya zai ɗauka, Isaka ya sa hannu ya rufe ta. A rana ta uku wani tsohon dillali ya saurare ni har ƙarshe, ya tofar da goro, ya ce wa Isaka, "Akwai mota jibi. Ido ɗaya zai iya?" Isaka ya ce, "Shanu ba da ido ake tayar da su ba, Alhaji, da kafaɗa ne." Dillalin ya ce ya zo.

Da muka fito bakin kara na tsaya ina jira. Ya san me nake jira. Ya ce, "Ban ce na yafe ba. Ban ce ban yafe ba. Bari in je in ga ko yarana za su gane ni." Ya tafi. Bai dawo Kumasi ba tukuna. Ban san abin da ya samu a can ba. Kullum ina roƙon Allah Ya mayar masa da gidansa, kuma Ya yafe mini abin da shi bai yafe ba.

Yanzu ina wanke wa Hajara tukwane, ina yi mata dakon itace. Magazine ba na shiga.

Ku samari, ga abin da na sani. Kada ku ɗauki noti na farko. Ba wanda ya fara da batir.

In bidiyon laifi ya shigo wayarku, wuri ɗaya ne ya dace da shi, ofishin 'yan sanda, ko hannun wanda aka yi wa laifin. Kada ku ɗora suna. Kada ku ce kun duba in ba ku duba ba. Kama ba shaida ba ce. In kun ga ana dukan mutum, ko ku raba, ko ku kira masu rabawa. Kada ku tsaya kuna ɗauka don gurup.

Duk abin da kuke tunanin za ku faɗa wa alƙali, na riga ku faɗa. Ba ni na ɗauka ba. Turo mini aka yi. Kowa ya tura. Gargaɗi nake. Na goge. Na faɗe su ɗaya bayan ɗaya a gaban lauyar da ke son ta taimake ni, ba wanda ya tsaya. Tambayar da za a yi muku ita ce wa kuka tambaya kafin ku tura, kuma me ya faru da mutumin bayan kun tura.

Ni an ba ni shekara biyar, na gama. Isaka ba alƙalin da ya yanke masa komai, kuma nasa bai ƙare ba. Kafin ka danna, ka tuna mutumin da ke cikin bidiyon yana da yara, kuma su ma za su gani.